Lallen Inna da Ruwan Shuka

A ƙasar Gumel, in ka ga mutum zaune a gindin bishiya da littafi a hannu yana murmushi shi kaɗai, ba jarrabawa a gabansa kuma ba wanda ya sa shi, to ka tambaye shi inda ya ɗauko cutar. Sau da yawa zai ce maka a Sule Tankarkar ne, a ɗakin Inna Zinariya. Tsohuwar malamar yaƙi da jahilci ce. Kabad ɗin da sauran mata ke jera kwalla da tangaran, ita littattafai ta jera a nata, kuma tun tana da ƙarfinta take ba da aronsu ga duk wanda ya yi sallama. Sharaɗinta ɗaya ne. Ranar da ka dawo da littafi sai ka zauna ka faɗa mata abin da ya ba ka haushi a cikinsa, ita kuma ta musa maka, ku yi ta yi har a kira salla.

Malama Sharifa na cikin waɗanda suka kamu a ɗakin nan tun tana 'yar firamare. Yanzu tana koyarwa a wata sakandaren 'yan mata a Gumel, ita ce kuma sakatariyar ƙungiyar masu son karatun littattafai ta Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙungiya ce ta cikin waya. Sun daɗe suna gardama a zauren da suka buɗe, amma da yawansu ko a hanya suka haɗu ba za su gane juna ba. Bana sai aka ce a yi taro na ido da ido a Gumel, a karrama Inna, kuma a yi shi da bazara. Dalilin zaɓen bazara ba ɓoyayye ba ne: kusan kowa a cikinsu, malamin makaranta ne ko tela ko ma'aikacin asibiti, akwai gona a bayansa, kuma lokacin ne kaɗai gona ba ta kiran kowa.

Sharifa da kanta ta kai albishir, ana gab da kama azumi. Ta tarar da Inna a kishingiɗe, ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum. Amma da ta ji zancen sai ta yunƙura ta tashi zaune ba tare da an kama ta ba.

"Duka za su zo? Har na Maigatari?"

"Duka, Inna. Har da waɗanda ba su dawo miki da littafi ba."

"Ai su na fi son gani." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Sharifatu, kada ku wahalar da kanku da wata kyauta. Ni ɗai-ɗai na san ku. Wannan ya zo ya tafi, wancan ya zo ya tafi. So nake in gan ku a ɗaki ɗaya kuna musu, ina zaune ina ji. Iyakar abin da nake so ke nan."

Nan take ta sa 'yarta Naja'atu, wadda ke jinyarta, ta jawo tsohuwar adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Naja'atu ta ce ai ko rana ba a sa ba. Inna ta ce ba a fafe gora ranar tafiya. Aka saka shuɗiyar atamfar da ta ɗinka ta ajiye ba ta taɓa ɗaurawa ba, da farin mayafi, da tabarau biyu don kada ɗaya ya ɓata, da buta da darduma. Sauran wurin duk littattafai ne, mafiya tsufa, waɗanda ta ɗinke bangonsu da zare da allura. Ta ce waɗannan babu wanda hannunsa bai taɓa su ba a cikin 'ya'yanta.

Da Naja'atu ta rako Sharifa zaure sai ta riƙe mata gefen hijabi ta yi ƙasa da murya.

"Malama, in za ku yi, ku yi. Likita ya ce ƙodar ta gaji. Ya ce mu kai ta gida mu yi ta lallaɓawa." Ta goge ido da bayan hannu. "Amma ta haɗa ni da Allah kada kowa ya ji. Ta ce ba ta son a zo mata taron dubiya. Ke ma amana na ba ki."

Sharifa ta hau mota zuwa Gumel da wannan magana a ƙirjinta, tana lissafin cewa da an sha ruwa an yi Salla za a yi taron a gama.

Sai dai ba ita kaɗai ce kwamitin ba. Akwai shugaba, Malam Abdurra'uf na Gagarawa, mutumin kirki, amma in ya ce "a taƙaice" to ka gyara zama. Akwai Alhaji Abdulfatah, dillalin dabbobi a Maigatari, wanda ke karatu a bayan kamyo, babbar motar ɗaukar dabbobi, tsakanin ciniki da ciniki. Sai Madam Rhoda, 'yar Pankshin da aiki ya kawo sakatariyar ƙaramar hukuma, ita aka ɗora wa neman ɗakin taro da abinci. Zaman farko lafiya lau aka sa rana, sati na biyu bayan ƙaramar Salla. A zama na biyu ne Alhaji Abdulfatah ya kawo zancen yawon buɗe ido.

"Baƙi su zo ƙasar nan su koma ba su ga kasuwar Maigatari ba? Ai ba su zo ba ke nan. Su ga raƙuma, mu kai su bakin iyaka su gaisa da 'yan duwan, kwastan ɗin can, su taka ƙasar Nijar ko da ƙafa ɗaya ce, a ɗau hoto."

Baƙin nan kuwa, in ka cire mutum biyu da aka gayyato daga Kano, duk 'yan garuruwan nan ne, rabinsu ma a kasuwar suke sayen ragon layyarsu. Amma wa zai faɗa? Kasuwar kuma ranar Alhamis kaɗai take ci, don haka dole taro ya koma Laraba, yawo ya kama Alhamis. Malam Abdurra'uf ya ce ai kuwa ba za a je Maigatari a tsallake Gagarawa ba, akwai lambuna a fadama, akwai wata tsohuwar kuka da kakansa ya ce a gindinta aka fara cin kasuwar garin. Aka shafe zaman ana musu a kan ta ina mota za ta fara bi. Kafin a daidaita, Alhamis ɗin da ta dace ta ci karo da bikin 'yar wani babba a ƙungiya, aka ɗaga.

Ɗagi na biyu jarrabawar fita ce ta kawo shi, malaman makaranta duk suna tsaron ɗalibai. Na uku kuwa, gaskiya ɗaya ce, da hannun Sharifa a ciki. An ba da aikin buga jakunkuna masu hoton Inna a Kano, ba su iso ba, ita kuma ta riga ta hango fuskar tsohuwar in ta ga ɗaki cike da mutane kowa rataye da hotonta. Da Malam Abdurra'uf ya ce ko a ƙara sati ɗaya, ita ta fara cewa to. Sati ɗayan nan shi ya kai su bakin babbar Salla, Alhaji Abdulfatah ya rantse cewa kasuwar jajibirin layya ko allura ka jefa ba za ta taɓa ƙasa ba, shi kansa ba zai samu sararin sosa ƙeya ba. Aka ce to bayan Salla.

Duk ranar da aka sa, sai Inna ta sa a kwaɓa lalle a ƙunsa mata hannu da ƙafa. Duk ranar da aka ɗaga, Sharifa ce ke zuwa Sule Tankarkar ta faɗa, don ba ta iya faɗa ta waya. Takan tarar da lallen wancan karon ya koɗe ya koma ja-ja, hannun kuma ya ƙara sirancewa. A zuwanta na ƙarshe zoben Inna ya bar yatsa ya koma jikin zaren da take rataye makullin adaka a wuya. Adakar na nan bakin ƙofa inda aka ajiye ta tun kafin azumi, ba a taɓa kwance ta ba.

Inna ba ta yi ƙorafi ba. Ta dai nuna saman kukar da ke bayan katangarsu da haɓa, inda wasu baƙaƙen tsuntsaye masu fari a ƙirji ke ta jigilar kirare.

"Kin ga shamuwa ta sauka? Su ba su da kwamiti."

Sharifa ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Kowa ya san in shamuwa ta zo, damina na biye da ita.

A zaman da ya biyo baya ta roƙe su. Ta ce a bar yawon nan, a bar jakunkuna, a tara mutane ko wace rana ce a cikin satin nan, ko a gindin darbejiya ne. Ta ce Inna ba ta jin daɗi. Maganar likita ta zo mata har bakin harshe, ta tuna amana ta haɗiye.

"Allah ya ba ta lafiya," in ji Malam Abdurra'uf. "Ai don ita muke so a yi shi da kyau, Malama. Mace irin wannan ba a yi mata taron je-ka-na-yi-ka. Gaggawa kuma aikin shaiɗan ce. Ballantana bana alamu sun nuna ruwa zai yi jinkiri."

Ruwa kuwa ya yi jinkiri, har abin ya fara ba da tsoro. Aka yi Salla cikin zafin da ko kare ba ya fita da rana. Bara amfani bai yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa, kwanon gero ya yi tsadar da magidanta ke dawowa daga kasuwa ba sa son a yi musu magana. Liman ya sa aka fita roƙon ruwa, mijin Sharifa, Malam Zayyad, yana sahun gaba. Kullum da la'asar sai ya fito tsakar gida ya tsaya yana kallon gabas. Ita ma takan kalli gabas ɗin ta tagar kicin, sai dai abin da ke ranta daban ne, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa. In ta idar da salla ta ɗaga hannu sai ta rasa abin da za ta roƙa. Ta ce a kawo ruwa, ta tuna adakar da ke bakin ƙofa. Ta ce a jinkirta shi, ina ita ina wannan roƙo, alhali gari duk ya fita filin idi yana kuka? Sai dai ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta shafa, tana jin kunyar abin da zuciyarta ke so.

Ranar Talata, jajibirin taro, komai ya kammala. Jakunkuna sun iso. An yi magana da Hussaini mai bas zai ɗauko mutanen Maigatari da safe, wata motar ta kwaso na Gagarawa. Sharifa da Madam Rhoda suna ɗakin taron makaranta tun azahar, sun jera fararen kujeru, sun ɗaura ƙyalle mai sunan Inna, sun ajiye mata kujera mai laushi a gaba da matashin ɗora ƙafa. Sharifa na kan tebur tana gyara ƙyallen ne ta ji iskar da ke shigowa ta taga ta sauya, ta yi sanyi. Ta sauko ta leƙa. Gabas ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama.

Ba a jima ba aka kece da ruwa. Ba yayyafin da ke kwantar da ƙura ya wuce ba, ruwa ne na sosai, mai dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Daga cikin gari ana jiyo guɗa da kabbara. Madam Rhoda ta miƙa hannu waje tana dariya tana cewa an gode Allah, sai da ta juyo ta ga Sharifa zaune a kujera ta yi tagumi.

"Malama, lafiya? Ɗakin nan ba ya yoyo, na duba. Kafin gobe ma ya ɗauke."

"Madam, ba yoyo ba ne." Sai da ta ɗaga murya saboda ƙarar kwano. "Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe lema. In aka yi ruwan shuka, wanda bai zuba iri gobe da jibi ba ya yi asarar shekara. Babu wanda zai zo."

Madam Rhoda ta dubi kujerun, ta dubi ruwan, ta janye hannunta ta goge a zane.

Da ruwan ya tsagaita Sharifa ta isa gida, ta tarar da Malam Zayyad tsugune a bayan katanga ya tona rami da hannu. Ya zaro hannun, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta manne masa har kusa da gwiwar hannu, fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Ya kai shuka, Malama! Wallahi ya kai!" Sai kuma ya tuna, murnar ta ɗan ja baya. "Kin san dai gobe ba zan samu zuwa ba. Ki ba Inna haƙuri."

Ta ce ta sani. Ta shiga ta auno masa irin gero da hannunta.

Tun da asuba waya ta fara ƙara. Kowa da irin sallamarsa, amma maganar ɗaya ce. Hussaini mai bas ya ce ya cire kujerun baya ya loda 'yan ƙwadago da buhunan iri, a yi masa afuwa. Matan da za su dafa abincin taro sun tafi dafa na masu shuka. Alhaji Abdulfatah ya ce ko kasuwar gobe ma ba za ta yi armashi ba, shi kansa ga shi a bayan babur zai tafi gonarsa ta bakin iyaka. Malam Abdurra'uf ya kira yana haki, ana jin saran sungumi a kusa da shi, ya ce, "Malama, sai haƙuri, Allah ya yi ikonsa," ya kashe. Tun da ta san shi bai taɓa magana gajeriya haka ba. Ta kira baƙin Kano ta ce kada su taso.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu wanda za ta yi fushi da shi. Da wani ne ya yi mata wulaƙanci, da ta samu inda za ta sauke. Amma wa za ta ce wa ya bar abincin 'ya'yansa na shekara ya zo ya zauna a farar kujera?

Madam Rhoda ta zo da 'yar motarta suka kama hanyar Sule Tankarkar don su faɗa wa Inna. Hagu da dama gonaki cike suke da mutane, kamar an juye garuruwan a daji. Mai sungumi na gaba yana sara, na baya na zuba iri suna rufewa da diddige. Sharifa ta yi ta jera kalmomin da za ta fara da su, duk wadda ta ɗauko sai ta ji ba ta dace ba.

Ba ta ma samu ta yi amfani da ko ɗaya ba. A zaure suka tarar da Inna, zaune a kan adaka, sanye da shuɗiyar atamfa da farin mayafi, tabarau a ido. Atamfar ta yi mata yawa, an ɗinka ta ne lokacin da take da jiki. Hannuwanta na kan cinya, sabon lalle ya kama ya yi baƙi. Naja'atu na tsaye a bayanta, ta ce tun da aka idar da sallar asuba take nan, ta ƙi komawa ciki.

"Inna..." in ji Sharifa, ta durƙusa.

"An samu ruwa, alhamdu lillahi," Inna ta katse ta. "'Yar manomi ce ni, Sharifatu, ba sai kin faɗa mini ba. Tun jiya da na ji ƙamshin ƙasa na sani. Amma na yi wanka na sa kaya, ba zan tuɓe su ban je ko'ina ba. Ku kama ni mu tafi in ga wurin."

Naja'atu da Madam Rhoda suka ɗora adakar a bayan mota, aka zaunar da Inna a gaba. Ta ce a tafi a hankali, yau ita ce mai yawon buɗe ido. Ba su yi nisa ba ta ce a tsaya. A wata gona ta bakin titi wata mata ce ke bin bayan mijinta da ƙwaryar iri. Murja ce, tela, wadda ta fi kowa zafin musu a zauren waya. Da ta gane motar sai ta ajiye ƙwaryar ta taho da gudu, ta tsaya jikin taga tana ɓoye hannuwanta masu taɓo kada ta ɓata farin mayafin.

"Inna, ki yafe mini. Wallahi har ɗinkin da zan sa na goge."

"Yafe me? Koma ki ɗau ƙwaryarki, lema ba ta jiran kowa. Koma mana!"

Murja ta koma tana waiwaye tana share hawaye da kafaɗa. A gaba suka ga wani malamin firamare, ya ɗaga sungumi sama ya gaishe su daga nesa. Can kuma wani ma'aikacin asibiti da wandonsa naɗe har gwiwa. Inna na kiran sunan kowa, tana faɗin irin littafin da yake so yana yaro. Sharifa na baya tana ji, ranta na ƙuna. Ɗai-ɗai ɗin nan dai da tsohuwar ta ce ta gaji da shi, shi aka sake ba ta, wannan karon ma ta tagar mota.

A ɗakin taro mutum huɗu suka tarar, ma'aikata baƙin gari marasa gona, waɗanda suka shiga ƙungiya daga baya. Babu wanda ya taɓa taka ɗakin Inna a cikinsu. Suka miƙe da ladabi. Aka zaunar da ita a kujera mai laushi, aka ɗora ƙafafunta a matashi, aka ajiye adaka a gefenta. Ta daɗe tana kallon fararen kujerun, kowace da jaka mai hotonta rataye a jiki.

"Nan wa zai zauna?" ta tambaya, tana nuna ta farko.

"Malam Abdurra'uf, Inna."

"Ku nisanta shi da abin magana. Can fa?"

Sharifa ta bi layi tana faɗa, Inna na gyaɗa kai, wani ta yi murmushi, wani ta ce ashe yana raye. Da suka kai ƙarshe ta juya wurin mutum huɗun nan ta gyara tabarau.

"To, ku da Allah ya kawo, wa ya karanta abin da ya ba shi haushi kwanan nan?"

Wani mai kemis, Mista Ephraim, ya daure ya kawo labarin wani littafi da ya ce ƙarshensa bai yi masa ba. Idon Inna ya yi haske, ta ce sam, ƙarshen nan shi ne daidai, ta kawo hujja, ta jira. Mutumin ya dube ta, ya ga tsufanta da ƙafafunta, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Mama, kin fi mu sani." Ta sake jefa wata maganar da gangan, wadda ko ita ba ta yarda da ita ba. Duk suka ce haka ne. Ta juyo wurin Sharifa, wadda tun tana 'yar firamare ba ta taɓa bar mata magana ta faɗi ƙasa ba. Sharifa ta buɗe baki za ta musa, sai ta ji kanta tana cewa haka ne.

"Ke ma yau kin zama 'yar amshi," in ji Inna a hankali. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Wajen azahar wayar Sharifa ta yi ƙara. Malam Abdurra'uf ne, ya samu inuwa ya huta, bakinsa ya dawo. A ɗakin da kujeru suka fi mutane yawa muryarsa ta fito tar, kowa na ji. Ya ce ya yi shawara da Alhaji, tunda damina ta kankama sai a bari a kai amfani gida. Da kaka kowa na da sukuni, a yi shi babba, a ƙara da Haɗeja ma a cikin yawon. Ya ce ta gaishe da Inna, ta ce mata ta ƙara haƙuri kaɗan.

Sharifa ta dubi Inna da wayar a hannu. Naja'atu ta juya fuskarta bango.

"Ki ce masa Allah ya kai mu," in ji Inna.

Ta faɗa masa, ta kashe.

Da za su tafi Madam Rhoda ta sunkuya za ta kama hannun adaka, Inna ta ce ta bari. Ta sa hannu a wuya ta ciro zaren nan, ta daɗe tana fama da ƙullin kafin ta zare makullin ta bar zoben. Ta sa aka buɗe aka ciro mata buta da darduma kawai, aka mayar aka rufe. Ta kamo hannun Sharifa ta danƙa mata makullin ta naɗe yatsunta a kai.

"Ta yi nauyi, ba sai an yi ta yawo da ita ba. Ki ajiye a wurinki. Ranar da kuka taru ki buɗe, kowa ya ɗauki wanda ya sani." Ta mayar da numfashi. "Kuma don Allah kada ku zauna ku yi ta yabona. Ku yi musu."

"Inna, ai da ke za a yi," in ji Sharifa.

Wannan karon Inna ce ba ta musa ba.

Aka kama ta aka sa a mota, Naja'atu ta shiga baya. Sharifa ta tsaya a bakin ƙofa don ita za ta kwashe kujeru ta mayar da ɗakin. Rana ta ɓuya, iska ta sake sauyawa. Tsohon mai gadin makarantar, wanda ya dawo daga gona ƙafafunsa duk taɓo, ya buɗe wa motar ƙofa, ya dubi sama ya washe baki.

"Malama, kin ga wani hadarin ya sake haɗowa! Allah ya ƙara mana, ya sa a yi ta yi har kaka!"

Motar na fita, hannun Inna na kan taga, lallen ya kama sosai kamar na amarya. Sharifa ta bi shi da kallo har suka sha kwana. Makullin na cikin tafinta, ta damƙe shi har ya yi mata shaida. Mai gadi na nan tsaye yana jiran amsa.

Ta ce, "Amin, Baba."